Littafin da nake rubutawa a waya ya jawo min magana, har an kai ƙarata wajen dagaci

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki ɓoye sunana da na garinmu. Ni budurwa ce shekarata 21, ina wani ƙauye a ƙasar Ringim, na gama sakandare ina ɗan koyarwa a Islamiyya kafin Allah ya kawo kuɗin ci gaba da karatu. Bara na fara rubuta littafi a waya ina turawa guruf ɗin WhatsApp kullum feji ɗaya bayan isha'i, masu son ci gaba suna turo min ɗan kati.

Ba na soyayya ba ne. Labarin wani gari ne nan da shekara hamsin, kogi ya ƙafe, damina ta koma wata ɗaya, rijiyoyi duk sun mutu sai burtsatse guda da wani mai kuɗi ya riƙe shi da yaransa, duk gidan da ya kasa biyan kuɗin ruwa sai ya ba da yaro ɗaya ya je aikin haƙa. Sai samari suka fara ɓacewa ana tsintar gawarsu, jarumar kuma yarinya ce 'yar sha shida da ta rantse sai ta gano wanda ya kashe yayanta.

Da farko kowa yabo yake, daga baya abu ya juye. Wasu suna cewa ina soyayyar, wai littafi ba aure ba ango ai ɓata data ne. Wasu sun ce ina yi wa ƙasa mugun fata, wani ma cewa ya yi ina da'awar sanin gaibu in tuba. Wata mata ta yi min voyis mai tsawo tana zagina wai 'yarta 'yar sha biyu ta karanta wajen gawar ta kasa barci. Wallahi Anti har kuka nake in na buɗe guruf ɗin, wasu kalaman ba zan iya maimaita su ba.

Sai kuma wani ya karanta littafin ya mai da shi odiyo ba da sanina ba, ya shigo garinmu ta wajen masu caji ana sa wa mutane a memori. Shekara biyu da suka wuce an tsinci gawar wani yaro maƙocinmu a kududdufi, har yau ba a san me ya faru ba, to na ɗauki wasu abubuwa daga nan, silifas ɗinsa da aka gani a bakin ruwa da maganar da mahaifiyarsa ta yi ranar. An ce ta ji ta yi ta kuka. Kuma mutane sun fara cewa mugun cikin littafin wai mai burtsatsen solan garinmu ne saboda shi ma jan mashin gare shi, har ana raɗe-raɗin shi ya kashe yaron. Ya kai ƙara wajen dagaci, an ce za a zauna. Baba ya karɓe wayata ya ce na bar rubutu har abada, da wayar yayana nake rubuto miki. Wanda zan aura ma ya ce ko shi ko rubutu. Ni kuma rubutun nan shi kaɗai ne abin da nake ji nawa ne. Anti ya zan yi?

*

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya yaye miki. Na karanta saƙonki na kuma karanta shafukan da kika haɗo min, kuma bari in fara gaya miki tun kafin faɗan ya zo, kina da hannu. Wajen da yarinyar take ƙirga jarkoki a layi tana lissafin wa za a ɗauka a gidansu in kuɗi bai cika ba, sai da na ajiye wayar na ɗan nisa. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa ba wai ina so ki daina ba ne.

Amma akwai abin da na lura da shi a saƙonki. Masu zagin guruf kin ba su wuri sosai, su suke sa ki kuka, maganar mahaifiyar yaron nan kuwa "an ce ta ji ta yi ta kuka" kawai kika ce kika wuce. Ni kuma a wurina nauyin yana can ne, wajenta da wajen mai burtsatsen. Su 'yan guruf bari mu sallame su da wuri.

Masu tambayar ina soyayya ba su da laifi kuma ke ma ba ki da shi, kamar wanda ya shiga layin 'yan kifi ne a kasuwar Gujungu yana cigiyar atamfa. Tun shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa aka saba wa mai karatu da soyayya da kishiya da auren dole, in ya buɗe littafi bai gansu ba sai ya ji kamar an cuce shi. Kar ki cusa wa yarinyarki saurayi don a bar ki ki huta, labarin zai lalace kuma ba za su gode miki ba. Wanda bai so ya fita, shikenan.

Mai cewa kina da'awar gaibu shi kam ya yi nisa da yawa. Ke ba ki ce ga abin da zai faru ranar kaza ba, cewa kika yi a ce hakan ta faru, ya mutane za su yi da junansu. Kuma ba daga sama kika ɗauko ba, abin da manoman fadama ke tattaunawa kullum a majalisa ne. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin Hadejia ta canja, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa a wurare da yawa, wata shekarar a rasa ruwa wata shekarar ya zo ya ci gari kamar yadda aka gani a 2022 da ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa, ga hamada kuma tana matsowa ta wajen Maigatari. Yarinyar da ta tashi tana ganin wannan in ta zauna ta yi tunanin ina za a kwana nan da shekara hamsin ai hankali ta yi, ba mugun fata ba. Irin wannan rubutun ma tsoho ne a duniya, George Orwell ɗan Ingila a 1949 ya fitar da littafinsa da ya sa labarin a shekarar 1984, ya zana gwamnatin da ke leƙen kowa har cikin ɗaki, gargaɗi yake yi ba duba ba. Mu ma nan ba yau aka fara ba, Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya da tafiya sararin samaniya a ciki, Jiki Magayi na shekarun 1930 sata ce da kisa da ramuwar gayya kuma an karantar da shi a makarantu, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa in ana maganar zubar da jini naki wasa ne. In duk da haka zuciyarki ba ta kwanta ba, ki samu malamin da kika yarda da iliminsa a Islamiyyarku ki ba shi labarin yadda yake ki tambaye shi, kar ki ɗauki fatawa daga wanda ko sunansa na gaskiya bai sa a guruf ba.

Matar da ta yi miki voyis ita daban ce, ki cire zagin ki saurari abin da ya rage. Uwa ce 'yarta ta kasa barci. Na karanta wajen gawar nan kuma gaskiya kin tsaya a kai fiye da yadda labarin yake buƙata, kumburin da kalar fatar da ƙudaje, duk da rabin wannan ma tsoron zai shiga. Kuma ke kin fi ni sanin yadda waya take a ƙauye, guda ɗaya ce ta gida duka, yaya ya ajiye ƙanwa ta ɗauka, odiyo kuma a tsakar gida ake ƙure shi ana tankaɗe yara suna zaune. Rubuta "ban da yara" a saman feji yana da kyau ki yi, amma ba ya hana komai a irin gidajenmu. Tunda jarumarki 'yar sha shida ce dole 'yan sha biyu su bi ta, sai ki rubuta da sanin suna nan. Wannan gyara ne na alƙalami, ba wani abin kuka ba.

To yanzu mu zo inda nake so ki nutsu.

Kowane marubuci daga rayuwa yake ɗiba, ba wanda yake ƙirƙiro komai daga iska, wannan ba laifi ba ne. Amma maganar da uwa ta yi a kan gawar ɗanta ba taki ba ce ƙanwata. Kin ji ta ne saboda ke maƙociya ce, an bar ki kin shiga gidan a ranar da ba a shiga sai na jiki, ba a matsayin marubuciya kika shiga ba. Ki ɗan tsaya a wurinta, shekara biyu tana lallaɓa zuciyarta, ba ta san ko faɗawa ya yi ko tura shi aka yi ba, rannan kawai sai ta ji kalamanta na ranar suna fitowa daga wayar wani da muryar wani ƙato da bai san ta ba, yara suna cewa a mayar baya a sake ji. Na san ba ki yi don ki cuce ta ba, wataƙila ma mutuwar yaron ce ta tsaya miki a rai har ta sa ki fara rubutun, na yarda da wannan. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta rage mata zafin ba ko kaɗan.

Ki je wurinta, kuma kafin zaman dagaci, kar ya zama sai da aka tilasta ki. Ba ke kaɗai ba, ki sa Innarku ta raka ki ko wata gwaggo da matar take jin nauyinta, a lokacin da gidan ba mutane. In kin je kar ki fara bayanin wai ai ƙirƙirarren labari ne, wai ba sunansa kika sa ba, wai marubuta haka suke yi, duk wannan a kunnenta kare kai ne. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce Inna na ɗauki maganarki na sa a rubutu ban tambaye ki ba, na yi kuskure, na cire, ki yafe min. Sai ki yi shiru. In ta yi faɗa ki ɗauka, in ta juya miki baya ki tashi ku tafi, a sake komawa wani lokacin. Kar ki matsa mata sai ta ce ta yafe a take don ke ki samu sauƙi. Kuma dan Allah abin da ya faru a ɗakin nan ya tsaya a ɗakin, kar gobe in ga "na je na ba ta haƙuri mun yi kuka tare" a guruf, in kika yi haka kin sake maimaita laifin ne.

Mai burtsatse kuwa nasa ya fi haɗari, don ita zuciyarta aka taɓa, shi kuma rayuwarsa ce a kan layi. Kin ce ba shi kike nufi ba. To, amma ki tambayi kanki tsakaninki da Allah, mutum nawa ne ke sayar da ruwan sola a garinku, kuma nawa ne cikinsu ke hawa jan mashin? Ba sai kin ba ni amsa ba. Mai yiwuwa kin daɗe kina jin haushin yadda yake tsawwala kuɗin jarka, haushin ya zubo cikin labari ba ki ankara ba, wannan yana faruwa da marubuta sosai. Amma tsadar ruwa daban, kisan kai daban. Kin haɗa mutuwar gaske da ba a gano kanta ba da mutumin gaske da kowa ya sani a labari ɗaya, mutanen gari kuma suka ƙarasa lissafin da kansu. Kin san yadda raɗe-raɗi yake a wurarenmu, daga "an ce" sai a daina sayen ruwansa, sai a daina gaisawa da matansa a gidan biki, sai yaransa su dawo daga makaranta suna kuka, wata rana kuma wani matashi mai zafin kai cikin dangin yaron ya ɗauki abin da gaske. Ke malamar Islamiyya ce, Suratul Hujurat kina karantar da ita, aya ta 6 a kan bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci, aya ta 12 a kan nisantar yawan zato. Ba wa'azi nake miki ba, tuna miki nake cewa mutumin nan yana da haƙƙi a kanki ko da ba kya son halinsa.

Ta fuskar doka ma ki sani, ɓata suna laifi ne a Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, kuma canja wa mutum suna a labari ba lallai ya kare ki ba in dai masu karatu suna gane wa ake nufi. Don haka zuwansa wajen dagaci maimakon ofishin 'yan sanda ko kotu sauƙi ne ya yi miki, ko ya sani ko bai sani ba, ki karɓe shi a haka.

Akwai tambaya ɗaya da dole in yi miki, kar ki ji haushi. Shin kin san wani abu game da mutuwar yaron nan? Kin ga wani abu, ko wani ya gaya miki, kika rasa yadda za ki faɗa sai kika ɓoye shi a littafi? In haka ne to maganar ta canja gaba ɗaya, littafi ba wurin ba da shaida ba ne, ki gaya wa Baba a keɓe abin da kika gani da idonki ban da abin da kike zato, shi zai san ta inda za a bi a kai ga hukuma ba tare da an jefa ki a haɗari ba, kuma kar ki faɗa wa ƙawa ko ɗaya. In kuwa ba ki san komai ba, kuma yadda kika rubuto na fi zaton hakan ne, to aikinki shi ne ki faɗa da bakinki a fili cewa ba ki san komai ba.

Ranar zaman Baba ne zai yi gaba, ko Baffanki in Baba ya ce ba zai iya ba don fushi. In an ba ki dama ki yi magana gajeriya, labarin ƙirƙira ne, ban san komai game da rasuwar yaron ba, ban taɓa ganin bawan Allahn nan da wani abu ba, na yi sakaci da na sa kamannin da suka jawo masa zargi, ina ba shi haƙuri. Kar ki kawo zancen tsadar ruwansa a nan ko da gaskiya ce, ba ranarta ba ce. Sannan ku roƙi dagaci da liman su faɗa wa mutane wannan da kansu, a masallaci ko a majalisa, don a inda maganar ta yaɗu nan ya kamata wankewar ta bi, kuma bakinsu ya fi naki nauyi a garin. A guruf kuwa kar ki ambaci sunansa ko garinku ko mashin, mutanen Kaduna da Zinder da ke karanta ki ba su san da shi ba, in kika yi dogon bayani kin tallata abin ne. Layi biyu ya isa, cewa duk mutanen littafin ƙirƙira ne kuma kin dakata don gyara. In aka kawo takarda a zaman aka ce ki sa hannu, ko aka yanka kuɗin da ya fi ƙarfinku, kar ku yi gardama kuma kar ku sa hannu a take, Baba ya nemi a ba ku kwana biyu a nuna wa wanda ya san doka, akwai hukumar Legal Aid da aikinta ke nan ga marasa ƙarfi.

Shi littafin kuma ba sai an kashe shi ba, fiɗa za a yi masa. Silifas ɗin nan ya fita, maganar uwar ta fita gaba ɗaya ba wai a juya kalmomin ba, kududdufin ya zama wani wuri, mashin ya tafi. Ni da ni ce ma sai in raba mugun gida biyu ko uku, ya zama wasu gungun mutane ne ko kamfani daga nesa, don gaskiyar magana garin da ruwa ya zama na mutum ɗaya ba mutum ɗaya ne ya kai shi can ba, akwai wanda ya sayar da filin, akwai wanda ya sa hannu, akwai waɗanda suka yi shiru don ana ba su jarka kyauta. In kika bi ta nan labarin zai fi ƙarfi kuma ba wanda zai nuna wani da yatsa a kasuwa. Amma wannan shawarar mai karatu ce, alƙalamin naki ne.

Odiyon shi ne ba zan yi miki alkawarin ƙarya a kai ba, abin da ya shiga memori ya shiga, ba za a iya kwashe shi duka ba. Abin da za a iya shi ne yayanki ya zagaya wajen masu cajin garin ya roƙe su su goge su daina turawa, in dagaci ya sa baki a zaman ma ya fi, su kaɗan ne kuma kowa ya san su. Wanda ya karanta shi ba izini kuma ya ci haƙƙinki, a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, rubutu naki ne tun daga lokacin da kika rubuta shi ba sai kin yi rajista ba. In a YouTube ya ɗora akwai wajen kai ƙorafin satar fasaha, ki ajiye shafukanki na farko da kwanan watan da kika tura su, su ne shaidarki. Ki fara yi masa magana da lalama ya sauke, da yawansu suna saukewa in an yi musu magana.

Sai Baba. Kar ki ɗauke shi a matsayin maƙiyin rubutunki, shi bai karanta feji ko ɗaya ba, abin da ya sani shi ne sunan gidansa ya je gaban dagaci ta dalilin 'yarsa budurwa da ake shirin aurarwa, a garin da zai ci gaba da sallah sahu ɗaya da mai burtsatsen nan da mahaifin yaron har ƙarshen ransa. Kuma mutanen zamaninsa da ma da ɗar-ɗar suke kallon littattafan Hausa, a Kano a 2007 har ƙona su aka yi a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya, wannan kallon bai gama fita daga zukata ba. "Har abada" da ya ce maganar fushi ce, kar ki je ki tsaya ciniki da shi yanzu. Abin da zai sauko da shi shi ne ya ga ke da kanki kika ce a kai ki wajen matar nan, ke da kanki kika ba da haƙuri a zaman ba tare da an matsa miki ba. Bayan ƙura ta lafa sai ki bi ta wajen wanda yake jin maganarsa, Inna ko Baffa ko malaminku, a nuna masa cewa abin nan sana'a ce da mata masu mutunci suke yi da sunansu, ga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla, ana karanta labaransu a rediyo duniya tana ji. Ki ba shi sharaɗin da zai kwantar masa da hankali da bakinki, cewa ba abin da zai sake fita sai wani babba da ya yarda da shi ya karanta, kuma ba za ki sake taɓa abin da ya faru a garin ba.

Abin da ba na so ki yi shi ne ki buɗe wani layin a ɓoye ki ci gaba da turawa da wani suna. Za a gane, salon rubutu ba ya ɓuya, kuma ranar da aka gane kin rasa yardar Baba da ta yayanki da ya ba ki aron waya. In ya ce a'a yanzu, littafin rubutu na makaranta da biro ba wanda ya hana ki, ki yi gyaran a takarda, da ma gyara ya fi kyau in ba mutum ɗari suna jiran feji kafin sha ɗayan dare. Wannan "kullum feji ɗaya" ɗin ma yana cikin abin da ya jefa ki nan, wanda ke rubutu da gaggawa abin da ya fi kusa da hannunsa yake ɗauka, abin da ya fi kusa da ke kuwa maƙotanki ne. Nan gaba ki gama littafi tukunna, ki ba mutum biyu su karanta, ɗaya cikinsu lallai ɗan garinku wanda zai ce miki ke wannan ai wane ne, sannan ki saki. In Allah ya sa kika kai ga bugawa a takarda a Kano ki tuna akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i da aka kafa tun 2001, ki tambayi 'yan ƙungiyar marubuta ta Najeriya, wato ANA, reshen Kano yadda ake bi, sun saba.

Wanda zai aure ki ban san shi ba, ba zan yanke masa hukunci da layi ɗaya ba, wataƙila shi ma 'yan gidansu ne suka tasa shi gaba. Kar ki ba shi amsar "ko ni ko rubutu" a cikin wannan hayaniyar, ki ce masa a bari a gama da maganar dagaci. Amma bayan nan lallai ku zauna, ki tambaye shi a fili, wannan rikicin ne ba ya so ko rubutun ne gaba ɗaya? In na farko ne kun daidaita, ke ma ba kya so. In na biyu ne gara ki sani tun kafin a sa rana, ki auna ko za ki iya, ki kuma gaya wa Inna abin da kika auna, don abin da aka yi shiru a kansa kafin aure ba ya zama sauƙi bayan an kai ki ɗaki.

Waɗanda suka turo miki kati kuma suna da haƙƙi, ki sa yayanki ya rubuta musu cewa an dakata, wanda yake son kuɗinsa a mayar masa, wanda zai jira ya jira, kuma ki rubuta sunayensu a takarda kar lissafi ya ɓace tunda wayar ba ta hannunki. Daga nan ki bar leƙa guruf ɗin, ki ba wata da kika yarda da ita admin ta riƙe. Yau da daddare ki samu Inna ki gaya mata kina so ta raka ki gidan maƙociyarku. In an yi zaman kuma wani abu ya taso da ban hango ba, ki sake rubuto min ta wayar yayan naki.